Tambaya da Amsa: Me ya sa aka hana mu hita a tsohon ginin gwamnati?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni gadi nake yi a wani tsohon ginin gwamnati nan Riyad, irin na laka mai rufin itace ɗin nan. Sanyin Janairu da asuba ba a magana, amma ogammu ya hana mu jona hita, gawayi ma ya ce kar ya gani, wai mu jira za a sa mana esi mai zafi da sanyi. Don Allah ba rowar wuta ba ce kawai?
Mai gadi, Riyad

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da aiki. Gaskiya wannan karon oga ne da gaskiya. Hita mai wat 2000 tana jan wuta wajen amfiya 9 (ma'aunin yawan wutar da ke bin waya), ka jona ta a tsohuwar wayar da aka sa don ƙwan fitila da fanka, ko a sadarwar nan da kowa ya cusa caja, sai wayar ta yi ta zafi a ɓoye ba wanda ya sani, ga kuma azarar dabino a sama ta yi shekara da shekaru tana bushewa. Irin ginin Masmak kenan, tsohon ginin lakan nan na Riyad, wanda Sarki Abdul'aziz ya ƙwace a 1902, bangon ba ya cin wuta amma rufi da ƙofofi in suka kama shikenan. Gobarar fadar Windsor ta Ingila ma a 1992 fitila ce ta taɓa labule fa.

Gawayi kuwa ba sai an yi gobara ba, a rufaffen ɗaki iskarsa marar wari kan ɗauke mutum yana barci.

Esin da ya ce ɗin ya fi sauƙin kuɗin wuta sosai, don shi zafin waje yake janyowa ciki, da wutar da hita za ta sha sai ya ba ka ɗumi kusan ninki uku, kuma babu jan ƙarfen da bargo zai faɗa kai. Jinkirin ma ina ganin dalilinsa, ba a fasa bangon tarihi haka kawai a bi da waya, sai hukuma ta yarda, shi ya sa na'urar jin hayaƙi ma akan sa marar waya.

Kafin nan ka roƙi oga a toshe kafofin ƙofa da taga, a duba kwanan watan tukunyar kashe gobara a kuma nuna maka yadda ake zare fil ɗinta. Ƙofar baya kar ka sa mata kwaɗo da dare don gudun iska, ta nan za ka tsira in gobara ta tashi. Lambar kiran 'yan kwana-kwana a Riyad 911 ce, sa ta a wayarka yanzu.