Ɗiyata, ga amsar tambayar Babanki daga Kumasi

Na ga saƙonki. Kin ce Yaya ya ƙi sa hannu a kan zuwanki jami'ar KNUST da ke nan Kumasi sai ya ji ko za a bar ki da hijabinki, da kuma inda za ki kai kuka idan wani malami ya takura miki.

Ki gaya masa doka tana nan. Sashe na 17 na tsarin mulkin Ghana na 1992 ya hana nuna wa mutum bambanci saboda addini, ƙabila ko jinsi, kuma kotu takan tsaya a kai. A 2021 makarantar Achimota ta ƙi karɓar wani yaro ɗan Rasta saboda sumarsa, babbar kotu a Accra ta ce sai an ɗauke shi. Rigimar hijabi da azumi ta fi tashi a makarantun sakandare na mishan, kamar ta Wesley Girls da aka yi ta cece-kuce a kanta a shekarar. A jami'a kam 'yan matan unguwannin Aboabo da Asawase na nan Kumasi da hijabinsu suke shiga aji.

Maganar malami ita ce ta fi damuna. Wurin kai ƙara bai yi kaɗan ba: akwai CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, ba a biyan ko sidi, akwai DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da ƙorafin cin zarafi, wanda kuma ya yi miki barazanar watsa hotunanki, dokar intanet ta 2020 ta tanadar masa ɗauri. Amma duk inda kika je hujja za su nema. Kada ki goge saƙon WhatsApp don ya ba ki kunya. Ki ɗauki hoton saƙon, ki tura mini, ki rubuta rana da lokaci.

Mu ma a zango muna da namu laifin. Yarinya ta buɗe baki, sai dattawa su taru a zaure: "Ki yi haƙuri, a rufa wa juna asiri, ke baƙuwa ce." Sulhu yana da wurinsa, rikicin kuɗin haya ko faɗan maƙwabta. Wanda ya tare ki a ofis da makin jarrabawarki a hannunsa ba na zaure ba ne.

Sai takardu. Kwana 90 ECOWAS ta ba ki, bayan nan sai izinin zama daga hukumar shige da fice, da katin shaidar baƙi. Yarinyar da takardunta suka mutu ba ta yarda ta taka caji ofis ko me aka yi mata, kuma masu cin zalin sun san haka sarai.

Ki taho da fasfo, ba katin zaɓe ba, da takardar shiga makarantar. Satin farko ni zan raka ki ofishin hukumar shige da fice. Ki gaishe da Yaya da Umma.

Gwaggonki