Hukuncin biyan dillalin biza kuɗi tun kafin biza ta fito

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni tela ne a unguwar Sabon Gari nan Maraɗi. Wani abokina ya haɗa ni da wani mutum ta WhatsApp, ya ce zai samo mini biza da aikin ɗinki a Saudiyya kan sefa miliyan 1 da jaka 500. Na riga na aika masa jaka 400, kuɗin akuyoyin mahaifiyata da kekena guda, kuma fasfona yana hannunsa. Yanzu ya ce in cika sauran kafin ƙarshen wata, zan shiga da bizar umara, in na sauka za a juya mini ita ta koma ta aiki. Ina shirin jinginar da gonarmu ta gado. Wannan ciniki ya halatta?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, ɗaukar mutum aiki don ya nuna maka hanyar tafiya ba laifi ba ne. Ranar hijira Annabi (SAW) da Abubakar sun ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ da lada ya yi musu jagora zuwa Madina, alhali a lokacin bai musulunta ba. Bukhari kuma ya kawo cewa malaman tabi'ai Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifin ladan dillali ba. Don haka wanda zai cike maka takardu, ya kama maka rana a ofishin jakadanci, ya sayo maka tikitin jirgi, halal ne ya karɓi kuɗin wahalarsa in an san aikin an san ladan.

Abin dubawa shi ne me mutumin nan ya sayar maka. Biza ba tasa ba ce. Hukumar ƙasar da za ka je ita ke ba da ita ko ta hana, dillali ba shi da ta cewa a wannan. Wanda ya karɓi kuɗinka bisa alkawarin lallai biza za ta fito ya sayar maka da abin da bai mallaka ba, kuma Annabi (SAW) ya ce wa Hakim ɗan Hizam kada ya sayar da abin da ba ya wurinsa. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira hani a kan cinikin garari, wato cinikin da ba a san ko abin zai samu ko ba zai samu ba. Mu nan cinikin biri a sama muke ce masa.

Akwai ƙofar da shari'a ta buɗe wa irin wannan buƙata, ita ce ji'ala: ka ce wa mutum, in ka samo mini abu kaza ladanka kaza. Asalinta na cikin Suratu Yusuf aya ta 72, inda aka yi alkawarin kayan raƙumi guda ga wanda ya zo da ma'aunin sarki. Sai dai malamanmu na Malikiyya sun kafa mata sharaɗi, mai aikin ba shi da komai sai aiki ya kammala, kuma bai halatta a sharɗanta biyan ladan tun farko ba. Dalilinsu a fili yake. In aikin ya yiwu kuɗin sun zama lada, in bai yiwu ba sun zama rance, kuɗi kuwa ba sa tsayawa tsakanin biyu. Abin da za ka iya bayarwa tun farko shi ne kuɗin da hukuma ke karɓa da gaske, kamar na biza da na gwajin asibiti, su ma da takardar shaidar biya a hannunka, in da hali ka biya da kanka.

Maganar shiga da bizar umara kuwa, nan ne hankalina ya fi tashi. Bizar umara ta ibada ce, ba ta ba ka izinin aiki, kuma tana da wa'adi. Bizar aiki daban take, tana fitowa ne da sunan wanda zai ɗauke ka da yarjejeniyar aiki, da ita ake yin iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Wanda wa'adin bizarsa ta umara ya ƙare ya zauna, ɓoye-ɓoye zai yi ta yi a Jidda ko Makka har ranar da za a kama shi a tsare a maido shi, ga tara ga hana shiga. Mun ga waɗanda suka dawo haka da jaka ɗaya ta leda, bashi na jiransu a gida. Ta fuskar shari'a kuma, ka shiga ƙasar mutane bisa sharaɗi kana ƙudurce da saɓa shi, Allah kuwa ya ce a farkon Suratul Ma'ida a cika alkawura. Balle a ce ɗakin Allah aka fake da shi. Wannan hanya ba ta halatta ba ko da mutumin ba ɗan damfara ba ne. Haka hukuncin yake ga duk takardar ƙarya da za a haɗa maka, ta banki ko ta makaranta ko ta aure. Sa hannunka a kanta shaidar zur ce, cewa dillali ne ya haɗa ba ya wanke ka.

Ban san mutumin nan ba, ba zan kira shi ɓarawo ba. Amma ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: ba ofis, ba rubutu, fasfo na hannunsa, ga gaggawar ƙarshen wata. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Jaka 400 ta fita ba ko layi ɗaya, wannan sakaci ne, kada ka kira shi tawakkali.

Gonar gado kuwa kada ka taɓa ta. In ba a raba ba, ƴan'uwanka mata da mahaifiyarka suna da haƙƙi a kowane taƙi, jinginar da ita ba da yardarsu ba cin dukiyar mutane ne da ɓarna. Ko an raba, jinginar da muka saba yi, mai kuɗi ya yi ta noma gonar yana cin amfaninta har a biya shi, rance ne da ya jawo amfani, shi ma akwai magana a kansa.

Abin da za ka yi, ka dakatar da biya daga yau. Ka nemi fasfonka, domin naka ne, riƙe shi a matsa maka zalunci ne. Ka nemi ya zauna da kai gaban dattawa biyu ya faɗi sunan kamfanin da zai ɗauke ka, ya nuna yarjejeniyar aikin, sannan ka tabbatar da ita a ofishin jakadancin Saudiyya da ke Yamai da hukumar samar da aikin yi ta ANPE. In ya nuna, ku sake ƙulla magana a rubuce, lada bayan bizar aiki ta fito. In ya yi ta kewaye-kewaye, kuɗinka bashi ne a wuyansa, ban da abin da ya tabbatar ya kashe da izininka. Ka ajiye saƙonninku da takardar aika kuɗin ka kai ƙara komisariya. Kai ƙarar ba tonon asirin musulmi ba ne, Allah ya yi wa wanda aka zalunta izinin faɗa a Suratun Nisa'i aya ta 148. Abokinka da ya haɗa ku, in bai san komai ba babu biya a kansa. In ya ci kamasho yana sane, ko ya ce maka shi ya tsaya, to da shi za a nemi kuɗin.

Wallahu a'alam.