Amsoshin Tambayoyinku: Bajrangi Bhaijaan da Maganar Masu Sharhi

Wata uwa daga Zariya ta rubuto cewa 'ya'yanta sun matsa mata lamba a tura musu Bajrangi Bhaijaan, amma ta ji an ce jarumin mai bautar gunki ne, shi ya sa hankalinta bai kwanta ba.

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya bincike. Fim ɗin Indiya ne na darakta Kabir Khan da ya fito a 2015, inda Salman Khan ya fito a matsayin Pawan, mabiyin addinin Hindu mai tsananin riƙo da Hanuman, ɗaya daga cikin ababen bautarsu. Pawan ne ya tsinci wata yarinya bebiya, Musulma 'yar Pakistan, ya sha alwashin mayar da ita hannun iyayenta. Lallai akwai wuraren bauta da raye-raye a ciki, saboda haka ki fara kallonsa ke kaɗai, idan kuma kin amince, ki zauna tare da yaran domin amsa tambayoyinsu.

Wani saurayi kuwa yana tambaya ko zai yi kuka idan ya kalla. Malam, idanun naka ne, ba nawa ba.

Tambaya ta uku ta fi ma'ana: tun da wasu masu sharhi sun ce ya cika tsawo da neman sa mutane hawaye, ya cancanci kuɗin data? Wannan suka gaskiya ce, domin ya haura awa biyu da rabi, ƙarshensa kuma an ja shi fiye da kima. Sai dai akasarinsu sun yaba wa ƙaramar yarinyar, Harshaali Malhotra, da ɗan wasa Nawazuddin Siddiqui, fim ɗin ma ya samu lambar yabo ta ƙasar Indiya. Ni a ganina ya cancanta.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kwafin da ake saye. Mutum zai biya mai turi, a ba shi fim yankakke, ga hoto dishi-dishi, ga fassarar da mai magana ya cusa barkwancinsa a wurin da ya kamata a yi shiru, sannan ya dawo yana cewa masu yabo sun yi ƙarya. Wani kuma jabun memori zai saya don arha, fim ya maƙale a tsakiya. Kafin ka biya, ka sa a buɗe maka shi a shagon, ka duba tsawonsa, ka ja shi zuwa ƙarshe ka tabbatar yana tafiya.