Wa ya ci yaƙin Verdun?

Malam, ka tambaya ko Faransa ce ta yi nasara ko Jamus a yaƙin Verdun, wani gari a Faransa, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, tunda kowa ya kwashi kashinsa a hannu. Faransa ce, domin abin da Jamus ta fito nema bai samu ba. Janar Falkenhayn, babban hafsan sojojin Jamus, ya kai farmaki ranar 21 ga Fabrairun 1916, yana son ya tilasta wa Faransa ta yi ta zuba sojoji har ƙarfinta ya ƙare. Cikin kwana huɗu sansanin Douaumont da ke kare Verdun ya faɗi, amma Janar Pétain na Faransa ya riƙe garin, motoci na ta safarar mutane da harsasai dare da rana ta hanya ɗaya tilo daga garin Bar-le-Duc. A watan Agusta aka sauke Falkenhayn, a Oktoba Faransawa suka ƙwato Douaumont, aka tsaya a Disamba kusan inda aka fara.

Sai dai ni ban iya kiran wannan nasara da baki cike. Mutum kusan 300,000 suka mutu, ɓangarorin biyu. Na taɓa tsayawa a ginin ƙasusuwa na Douaumont, na sunkuya na leƙa ta ƙananan tagogin da ke gindin bango: ƙoƙon kai da ƙashin cinya a jibge, na sojoji kimanin 130,000, ba a san Bafaranshe daga Bajamushe ba. Ƙauyen Fleury kuwa, da yaƙin ya rusa, har yau ba a sake gina shi ba, sai ramukan bama-bamai da itatuwa suka rufe.