Dalilin da ya sa gabashin Madagaska ya fi kudu maso yammacinta samun ruwan sama

Ka tambayi abin da ya sa gabashin Madagaska ke shan ruwan sama kusan duk shekara, alhali kudu maso yammacin tsibirin a bushe yake. Dalilin shi ne jerin tsaunukan da suka ratsa ƙasar daga arewa zuwa kudu, suka kuma fi matsowa kusa da gaɓar gabas. Iskar da ke kaɗowa daga kudu maso gabas tana ɗauko danshi daga Tekun Indiya, kuma da zarar ta ci karo da wannan gangare mai tsayi sai ta hau sama, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta tun kafin ta tsallaka. Shi ya sa birnin Toamasina da ke gaɓar gabas ke samun fiye da milimita 3,000 na ruwan sama a shekara, ruwan birnin Toliara da ke kudu maso yamma kuwa ba ya kai 500.

Sai dai a shekarun da na yi ina koyar da wannan darasi, na lura ɗalibai kan ɗauka cewa yammacin ƙasar gaba ɗaya a bushe yake, kuma wannan kuskure ne da nake so ka kiyaye. Daga Disamba zuwa Maris, wata iska daga arewa maso yamma tana kawo wa Mahajanga, da ke arewa maso yammacin ƙasar, da kewayenta damina mai ƙarfi, domin babu tsaunin da ya tare mata hanya. Toliara tana can kudu, inda wannan iska ba ta cika isa ba.