Tsohon dam ɗin ƙasa yana tsattsafo da ruwa

Tambaya: Mun gaji tsohon dam da aka gina da ƙasa a gonar mahaifinmu, yanzu ruwa yana tsattsafowa ta bayansa. Yaya za mu yi?

Amsa: Ku fara duba launin ruwan, domin idan yana fitowa da laka, to yana kwashe ƙasar cikin dam ɗin ne, kuma ba abin jira ba ne. Ku rage ruwan a hankali, ku share magudanar ambaliya kafin damina, sannan ku nemi injiniya daga hukumar raya kogunan yankinku ya duba ramukan gafiya da saiwoyin bishiyoyi. Dam ɗin Bagauda ma, na gwamnati da ke jihar Kano, ya ɓalle a 1988. Alhakin kula da naku yana wuyanku, don haka ku sanar da dagaci ya gargaɗi mazauna gangaren.