Shekara 4 ina zuba yashi a buhun riɗi, istigfari ya ishe ni?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni manomin riɗi ne a wani ƙauye ta wajen Gumel. Shekara 4 kenan duk kaka sai in sa yarona ya ɗebo min yashi mai laushi, da daddare in rufe ɗaki in zuba kamar tiya 2 a kowane buhu kafin in kai kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Yawanci mutum ɗaya nake sayar wa. Wani malami a garinmu ya ce ba komai tunda dama masu saye suna cire nasu, amma ni wallahi hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, wannan rashin barcin ka gode wa Allah a kansa, zuciyar da ta mutu ba ta damun mai ita. Haramcin algus kuwa ba sai na ja maka hadisi ba, ko ɗan makarantar allo ya sani.

Abin da ya tsaya min a tambayarka shi ne ka ce mutum ɗaya kake sayar wa. To nan hukuncin ya canza. Da a ce baƙi ne da suka watse, sai ka kintata kuɗin ka yi sadaka da niyyar ladan ya je musu. Amma wanda ka san rumfarsa, kana gaishe shi duk mako, sadaka ba ta sauke maka haƙƙinsa, istigfari ma haka. Ka lissafa buhunan shekara 4, in ka yi kokwanto ka ɗauki mafi yawa, ka mayar masa ko ya yafe. In kana tsoron rigima ka aika ta hannun amintacce, ko ka riƙa ƙara masa riɗi mai kyau har ya cika, ba dole sai ka tona kanka ba. Sauran da ba ka sani ba su ne na sadaka.

Maganar malamin garinku kuma, da girmamawa, ban yarda da ita ba. Hujjarsa al'ada ce, wai mai saye ya san da datti shi ya sa yake ragewa. Eh, shari'a tana duba al'ada, amma wace? Ƙurar da ta shiga lokacin kakkaɓa a gona, wadda ko ka shimfiɗa tamfol ka sheƙe ba ta fita duka, ita aka yafe kuma saboda ita ake ragin. Yashin da aka aiki yaro ya ɗebo daban ne. Ibn Abi Zaid a Risala ya faɗa ƙarara, ba ya halatta a ɓoye aibi a ciniki ko a cakuɗa mara kyau da mai kyau, bai ce sai in kowa na yi ba. Kuma in da gaske mutumin ya yarda, me ya sa kake rufe ƙofa? Gwada ce masa Alhaji akwai tiya 2 na yashi a ciki, ka ga ko kuɗin zai tsaya yadda yake. Ragin ma ai irin aikinku ne ya ƙara shi, har maƙwabcinka da ya kawo tsaftatacce ana yanke masa saboda ku.

Sai yaron, wanda ba ka ma tambaya a kansa ba amma ya fi damuna. Ka koya masa da hannunka, gobe shi zai jiƙa gero ko ya bubbuge gindin mudu. Ka zaunar da shi ka ce Baba ya yi kuskure, kuma ranar da za ka kai buhun farko mai tsafta ka tafi da shi Maigatari.

Wallahu a'alam.